Idan Yaro Ya Yi Kisa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Shekaru, Alhaki da Sake Yanke Hukunci

Duk sanda labari ya fito cewa an buɗe wa wani dattijo mai furfura ƙofar gidan yari, wai don yana ɗan shekara 15 ko 16 ne lokacin da ya kashe mutum, sai ka ji gardama ta kaure. Wannan ya ce rai ai rai ne, kuma wuƙar yaro ba ta fi ta babba tausayi ba. Wancan ya ce mutumin da ya fito yau ba shi ne yaron da aka shigar ba. Kowane ɓangare na da abin kamawa, sai dai sau da yawa ana ta musu ne ba a san abin da doka ta ce ba. Ga tambayoyin da suka fi yawo. Yawancin misalan daga Amurka da Ingila suke, domin a kotunansu aka fi kai ruwa rana a kan batun.

Shekara nawa yaro zai kai kafin a gurfanar da shi kan laifi?

Bakin ƙasashe bai zo ɗaya ba. A Ingila da Wales shekara 10 ce. Maƙwabciyarsu Scotland ta daɗe a kan 8, sai a 2021 dokar da ta ɗaga zuwa 12 ta fara aiki. Kanada 12, Jamus 14, Norway da Finland 15. A Amurka kowace jiha da nata, har akwai jihohin da ba su ƙayyade komai ba. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin yara ya ba da shawara a 2019 cewa kada a sauko ƙasa da 14, amma shawara ce kawai, ba ta ɗaure kowa.

Yaron da bai kai wannan mizani ba, ko kisa ya yi, ba a tuhumarsa a kotun laifuka. Wannan ba ya nufin a ce masa je ka gida abinka. Hukumomin kula da yara ne ke karɓarsa, wani lokaci a ajiye shi inda ba ya fita, ƙarƙashin kulawar likitoci da malamai.

Akwai abin lura a yadda waɗannan lambobi ke motsi. Ɗaga su sai an yi shekara da shekaru ana nazari, amma tsaurara su, mummunan kisa guda ya isa. Bayan wani ɗan shekara 14 ya kashe yara a birnin Kobe a 1997, Japan ta rage shekarun da za a iya miƙa yaro ga kotun manya daga 16 zuwa 14 a 2000. Indiya ta yi dokar 2015 mai ba da damar yi wa 'yan 16 zuwa 18 shari'ar manya a manyan laifuka, sakamakon fyaɗe da kisan da aka yi wa wata ɗaliba a Delhi a 2012. Sin kuma tun 2021 tana iya tuhumar 'yan 12 zuwa 14 da kisa, idan babban ofishin gabatar da ƙara na ƙasa ya amince. Dokar da aka rubuta rai a ɓace takan daɗe tana aiki bayan fushin ya huce.

Wace rana ake lissafi da ita, ranar laifi ko ranar shari'a?

Ranar laifi. Wanda ya yi kisa yana da shekara 16, aka kama shi yana da 30, alhakin ɗan shekara 16 za a auna, ko da kotun manya ce ta saurari shari'ar.

Idan babu takardar haihuwa, sai a nemi rajistar makaranta, katin asibiti, ko shaidar iyaye da malamai. Akan ɗauki hoton ƙashin wuyan hannu ko a duba haƙora, sai dai wannan awo na iya kuskure da shekara ɗaya ko biyu, kuma a irin wannan shari'a wata guda ma na iya raba mutum da rayuwarsa. Shi ya sa ƙa'idar ita ce, in an yi shakka a ɗauke shi yaro.

Ɗan shekara 15 ai ya san kisa mugun abu ne. Don me za a ce bai san abin da yake yi ba?

Babu kotun da ta ce bai sani ba. Da haka ne, da ba a kama shi da laifin ba tun farko. Abin da ake cewa shi ne, sanin abu daban, iya riƙe kai a lokacin da jini ya hau daban. Ka zaunar da ɗan shekara 16 cikin natsuwa ka tambaye shi sakamakon harbin mutum, zai ba ka amsa irin ta babba. Ka sa shi a tsakiyar abokai da daddare, ya sha wani abu, ana zuga shi ana ce masa matsoraci, sai ka ga kamar wani mutum ne dabam.

Kotun Ƙolin Amurka ta kafa hujja da abubuwa uku a 2005, lokacin da ta hana yanke wa yara hukuncin kisa: yaro na da gaggawa da rashin hangen abin da zai je ya dawo, yana saurin biye wa abokai kuma ba shi da ikon barin gidan da ya tashi ko unguwar da ke lalata shi, sannan halinsa bai gama kafuwa ba. Na ukun ne ya fi nauyi a maganar hukunci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyen icce ba a rantsewa a kan siffar da zai ƙare da ita.

Masu binciken ƙwaƙwalwa sun zo da abin da ya ƙarfafa wannan. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, can bayan goshi, wanda ke taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali sashen da ke son daɗi da yabo da kasada ya riga ya kunnu tun farkon balaga. Masanin halayyar matasa Laurence Steinberg da abokiyar aikinsa sun gwada wannan da wasan tuƙin mota a kwamfuta: manya ba su sauya tuƙi ba ko ana kallonsu ko ba a kallo, amma matasa da zarar abokansu sun zauna kusa sai kasadarsu ta ƙaru sosai. Masu iya magana sun riga su faɗi, ƙuruciya dangin hauka.

Tunanin ma ba sabo ba ne. Tsohuwar dokar Ingila ta ɗauka cewa yaron da bai kai 14 ba bai san mugunta ba, sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar da akasin haka, har sai da aka soke wannan kariya a 1998. A fikihun Musulunci babu ƙisasi a kan wanda bai balaga ba, kuma galibin malamai suna ɗaukar gangancin yaro a matsayin kuskure, wanda diyya ke biyo bayansa.

Amma kada a yi wa kimiyyar nan ƙarin gishiri. Tana bayani ne a kan matasa a dunƙule, ba ta faɗin abin da ke cikin kan wani yaro guda a wani dare guda. Christopher Simmons, wanda shari'arsa ce ta haifar da hukuncin 2005, ya tsara kisansa tun da wuri, har ya tabbatar wa abokansa cewa za su sha domin su yara ne. Ya ɗaure wata mata ya jefa ta kogi daga kan gada. Babu gaggawa a nan. Duk da haka alƙalai 5 cikin 9 suka ce ko ƙwararrun likitoci ba sa iya bambance yaron da ya lalace har abada da wanda ƙuruciya ce ke ɗibarsa, balle masu taya alƙali yanke hukunci da aka nuna wa hoton gawa.

Ana yanke wa yaro hukuncin kisa?

Dokar ƙasa da ƙasa ta hana. Sashe na 37 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 ya haramta hukuncin kisa, da ɗaurin rai da rai marar damar saki, a kan laifin da aka yi kafin shekara 18. Amurka ce kaɗai mambar Majalisar Ɗinkin Duniya da ba ta tabbatar da yarjejeniyar ba, don haka ta bi tata hanyar, sannu a hankali. A 1944 jihar South Carolina ta kashe George Stinney, baƙar fata ɗan shekara 14, a kujerar lantarki bayan shari'ar yini guda. Sai a 2014 wata alƙaliya ta soke hukuncin, shekara 70 bayan an binne shi. A 1988 Kotun Ƙoli ta hana kashe wanda bai kai 16 ba, a 1989 ta bar ƙofa a buɗe ga 'yan 16 da 17, sannan a shari'ar Simmons ta rufe gaba ɗaya, mutum 72 suka fita daga layin jiran mutuwa. Har yanzu Majalisar Ɗinkin Duniya na sukar Iran kan zartar da irin wannan hukunci.

To ta yaya dubban yara suka ƙare da ɗaurin rai da rai a Amurka?

Abin mamaki, Amurka ce ta fara kafa kotun yara, a Chicago a 1899, da nufin gyara ba ramuwa ba. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 sai kashe-kashen matasa suka hauhawa, ga hodar iblis mai araha, ga bindiga ko'ina. A 1995 wani malamin jami'a, John DiIulio, ya yi hasashen cewa wani sabon iri na yara marasa imani na nan tafe, dubbai, waɗanda ba sa jin tsoro ba sa jin tausayi. 'Yan siyasa suka cafe. Take ya zama, wanda ya yi aikin manya ya sha hukuncin manya. Cikin 'yan shekaru kusan kowace jiha ta sauƙaƙa hanyar kai yaro kotun manya.

Dokoki biyu ne suka haɗu suka yi ɓarna. Ɗaya ta ce a kai yaron da ake zargi da kisa kotun manya. Ɗayar, wadda aka rubuta don manya, ta ce duk wanda aka kama da kisan ganganci ɗaurin rai da rai ne babu saki, alƙali ba shi da ta cewa. Ba lallai ne wata majalisa ta taɓa zama ta ce ɗan shekara 14 ya mutu a kurkuku ba, amma da aka haɗa biyun haka lissafin ya fito.

Hasashen kuwa bai tabbata ba. Tun daga tsakiyar shekarun 1990 laifukan matasa suka riƙa raguwa. DiIulio da kansa ya janye maganarsa, har ya sa hannu a takardar da masana suka miƙa wa Kotun Ƙoli a 2012 suna goyon bayan yaran. Zuwa lokacin kimanin mutum 2,500 ne ke cikin wannan ɗauri, fiye da 500 daga cikinsu a jihar Pennsylvania kaɗai.

Me shari'ar Miller da ake ta ambato ta ce?

Yara biyu ne, kowanne ɗan shekara 14. Evan Miller na jihar Alabama ya tashi a hannun uwa mai shaye-shaye da mijin uwa mai dukansa, ana kai shi gidan riƙo ana dawo da shi, kuma ya yi yunƙurin kashe kansa sau huɗu, na farko yana da shekara 6. Wani dare a 2003 shi da abokinsa suka bi wani maƙwabci ɗakinsa, suka sha giya da wiwi tare. Da mutumin ya bugu ya yi barci suka zare masa walat, ya farka ya shaƙe Miller, suka lakaɗa masa duka da sandar wasan ƙwallo, suka cinna wa ɗakin wuta, ya mutu a ciki.

Na biyun, Kuntrell Jackson na jihar Arkansas, ya bi abokai biyu fashi a shagon hayar bidiyo a 1999. A hanya ne ya gano ɗayansu na ɗauke da bindiga. Ya fara tsayawa a waje, daga baya ya shiga, abokin ya harbe mai jiran shagon. Jackson bai taɓa kunamar bindiga ba, amma a dokar jihohi da yawa, in rai ya salwanta a lokacin fashi, duk wanda ke cikin fashin mai kisa ne. Wannan doka ta fi kowace cin yara, tunda yaro ba kasafai yake aikata laifi shi kaɗai ba, kuma sau da yawa shi ne ƙarami a tawagar.

Su biyun duka ɗaurin rai da rai babu saki aka yi musu. A watan Yunin 2012 Kotun Ƙoli ta yanke, alƙalai 5 da 4, Mai Shari'a Elena Kagan ce ta rubuta. Mutane da yawa sun ɗauka an haramta ɗaurin rai da rai ga yara ne. A'a. Abin da aka haramta shi ne a ɗaure wa alƙali hannu. Dole a ba shi dama ya dubi shekarun yaron, gidan da ya fito, rawar da ya taka a laifin, matsin abokai, yadda ƙuruciya ta hana shi kare kansa a gaban 'yan sanda ko taimakon lauyansa, da yiwuwar ya gyaru. Bayan ya duba, yana iya yanke mafi tsananin hukunci, sai dai kotun ta ce tana sa ran hakan zai zama jefi-jefi.

Waɗanda aka riga aka ɗaure tun da daɗewa fa?

Nan aka sake sabon lale. Wasu jihohi suka ce hukuncin Miller na gaba ne, abin da ya wuce ya wuce. Sai shari'ar Henry Montgomery ta zo. Yana ɗan shekara 17 ya harbe wani jami'in tsaro a yankin Baton Rouge na jihar Louisiana a 1963. A Janairun 2016, yana da shekara 69, Kotun Ƙoli ta ce hukuncin ya shafi na baya ma. Ta ba jihohi zaɓi biyu: ko a mayar da kowane fursuna gaban alƙali a sake yanke masa hukunci, ko a ba shi damar zuwa gaban hukumar da ke sakin fursunoni bisa sharaɗi.

A kula, ba a sake shari'ar ko ya yi ko bai yi ba. Laifin na nan daram. Tsawon ɗaurin kawai ake sake aunawa.

Yaya zaman sake yanke hukunci yake kasancewa?

Zama ne mai ban al'ajabi, domin mutum biyu ake aunawa a jiki ɗaya. A kan tebur ga hoton yaro siriri da aka ɗauka ranar kamu, a kujera kuma ga mutum mai sanƙo da tabarau, watakila da ciwon suga. Lauyoyinsa sukan tono abin da ba a kawo ba a shari'ar farko, tunda a lokacin kawo shi ba shi da amfani: rahoton makaranta, takardun ma'aikatan jin daɗin jama'a da suka taɓa zuwa gidansu, shaidar ƙanwa ko goggo kan dukan da ake yi a gidan. Likitan ƙwaƙwalwa zai yi bayani. Sannan a buɗe kundinsa na gidan yari shafi-shafi, a ga sau nawa ya yi faɗa, yaushe ya daina, wace sana'a ya koya, wace jarrabawa ya ci. Wani lokaci gandirobobi ne ke zuwa su ba da shaida a kansa.

Galibi kundin yakan nuna abu iri ɗaya: shekarun farko cike da rigima, sai abin ya lafa yayin da mutum ya doshi 30. Wannan shaida na da ƙarfi saboda dalili guda. Mutanen nan sun gyara halinsu ne a lokacin da aka gaya musu ba za su taɓa fita ba, don haka da wuya a ce sun yi ne don a gani.

Mai gabatar da ƙara shi ma zai tashi ya sake karanta yadda aka yi kisan dalla-dalla, iyalan mamaci su yi magana, sannan a ba fursunan dama ya ce wani abu.

Kenan da an yi zaman sai saki?

Ina! Evan Miller da kansa, wanda shari'ar ke ɗauke da sunansa, an sake yanke masa ɗaurin rai da rai babu saki a 2021. Kuntrell Jackson kuwa ya fito a 2017. Montgomery sau biyu hukuma na hana shi, a 2018 da 2019, sai a Nuwamban 2021 ya fito yana da shekara 75, bayan ɗaruruwan mutane sun riga shi fita ta ƙofar da shi ya buɗe. Lee Boyd Malvo, wanda yana ɗan 17 ya shiga harbe-harben ɗauki ɗai-ɗai a kewayen Washington a 2002, an hana shi saki a 2022.

A Afrilun 2021 ma Kotun Ƙoli, wadda alƙalanta suka sauya, ta ja da baya a shari'ar Brett Jones, wanda ya daɓa wa kakansa wuƙa yana ɗan 15 a jihar Mississippi. Ta ce ba dole ne alƙali ya bayyana cewa yaron ba zai taɓa gyaruwa ba kafin ya rufe shi har abada. In dai yana da zaɓi, ya isa. Mai Shari'a Sonia Sotomayor ta rubuta zazzafan martani, tana cewa an yi wa hukuncin Miller illa.

Abin da ya fi damuna a tsarin shi ne ya koma sa'a. Fiye da rabin jihohin Amurka sun soke wannan ɗauri ga yara kwata-kwata, sauran na nan da shi. Yara biyu masu laifi iri ɗaya, kogi ne kawai ya raba jihohinsu, ɗaya ya ga hukumar saki bayan shekara 20, ɗaya ya mutu a ciki. Ga kuma wayon da wasu kotuna ke yi, a guje wa kalmar rai da rai a rubuta shekara 70 ko 90. An dai canza wa tuwo suna.

Ba a zalunci iyalan wanda aka kashe ba?

Wannan ce tambayar da ba ta da amsa mai daɗi, kuma duk wanda ya yi saurin wuce ta bai yi adalci ba. An gaya wa uwa a gaban kotu cewa wanda ya kashe ɗanta ba zai sake taka waje ba. Ta rungumi wannan ta yi shekara 25 tana lallaɓa rayuwarta. Rana ɗaya sai wasiƙa ta zo, wai a dawo kotu. Za ta sake jin yadda aka yi, ta sake ganin hotunan, ta zauna tana sauraron yadda wanda ya yi kisan ya koyi sana'a ya zama mutumin kirki, alhali nata ɗan ya tsaya a shekarun da ya mutu. In an hana shi saki, bayan 'yan shekaru a sake kiranta.

Iyalai ba ra'ayinsu ɗaya ba. Akwai masu zuwa kowane zama su ce kada a sake shi, akwai masu cewa ya isa haka, har da waɗanda suka nemi ganawa da shi ido da ido. A gida ɗaya ma sai ka ga 'yan'uwa sun rabu. Doka ta ba su damar a ji ta bakinsu, amma ba ta ba su ikon yanke hukunci ba. A ganina haka ya dace, domin in ba haka ba makomar fursuna za ta dogara ne ga wane irin dangi mamaci ya bari. Sai dai laifin wannan azaba ba na iyalan ba ne, na hukumar da ta yi musu alkawarin da bai kamata ta yi ba tun farko.

In an sake su ba sa komawa ruwa?

Kaɗan ne ke komawa. Masu bincike daga Jami'ar Montclair sun bi diddigin mutum 174 da aka saka a Philadelphia, suka fitar da rahoto a 2020: biyu kacal aka sake kamawa da wani laifi a kotu. Ba abin mamaki ba ne, domin an daɗe da sanin cewa aikata laifi na kai ƙololuwa ne a ƙarshen ƙuruciya, daga nan ya yi ta sauka, su kuwa waɗannan sun riga sun manyanta. Amma kaɗan ba babu ba ne, kamar yadda misalin Ingila zai nuna.

A Ingila yaya ake yi?

Can yaron da ya yi kisa ana tsare shi ne har illa ma sha Allahu, da wani tsohon lafazi mai nufin sai yadda Sarki ya ga dama. Alƙali zai sa mafi ƙarancin shekarun da zai yi kafin hukumar saki ta duba shi. Dokar 2003 ta sa a fara lissafi daga shekara 12. Ta 2022 ta mayar da shi hawa-hawa, daga 8 zuwa 27, gwargwadon shekarun yaron da munin kisan. Idan ya ci rabin wa'adin yana iya neman Babbar Kotu ta rage masa, in ya nuna gagarumin sauyi.

Shari'ar da ta girgiza tsarin ita ce ta kisan James Bulger, ɗan shekara 2, kusa da Liverpool a 1993. 'Yan shekara 10 biyu ne suka yi. An yi musu shari'a a kotun manya, har sai da aka ɗaga daɓen akwatin tsayuwa don su iya hango alƙali. Alƙalin ya ba da shawarar shekara 8, Alƙalin Alƙalai ya ce 10, ministan cikin gida Michael Howard ya mayar 15 bayan jama'a sun yi ta aika koke. Kotunan Ingila suka soke na ministan, sannan a 1999 Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce shari'ar ba ta yi adalci ga yara masu waɗannan shekaru ba, kuma sa wa'adi aikin alƙali ne ba na ɗan siyasa ba. An sake su a 2001 da sababbin sunaye. Ɗaya ba a sake jin ɗuriyarsa a kotu ba. Ɗayan an mayar da shi kurkuku a 2010 da 2017 saboda hotunan batsa na yara. Kowane ɓangare na gardamar nan yakan ɗauki yaro ɗaya cikin biyun ya kafa hujja, ya manta da ɗayan.

Jamus da Kanada sun fi sassauci: hukuncin yara a kan kisa ba ya wuce shekara 10, kodayake a Kanada ana iya neman a yi wa wanda ya kai 14 hukuncin manya.

Wanda ya cika 18 jiya ya yi kisa yau fa?

A Kotun Ƙolin Amurka babba ne, ta kuma amsa da bakinta cewa layin 18 ba don ƙwaƙwalwa ta gama nuna ba ne, sai don dole a ja layi a wani wuri. Amma layin ya fara motsi. Jamus ta daɗe tana barin alƙali ya yi wa 'yan 18 zuwa 20 hukuncin yara in ya ga hankalinsu na yara ne. A Janairun 2024 babbar kotun jihar Massachusetts ta hana ɗaurin rai da rai marar saki ga duk wanda bai kai 21 ba. Kalifoniya na ba wanda ya yi laifi kafin ya cika 26 zama na musamman a gaban hukumar saki. Da wannan ne 'yan'uwan nan Lyle da Erik Menendez, da suka kashe iyayensu a 1989 suna da shekara 21 da 18, suka samu zuwa gaban hukumar bayan an sassauta musu hukunci a Mayun 2025. A watan Agusta hukumar ta hana su duka biyun.

Wanda aka saka ya kuɓuta ke nan?

Yawanci sakin talala ne, igiyar na ƙafarsa har mutuwa. Zai riƙa kai kansa wurin jami'in da ke sa masa ido, ba ya barin jiha sai da izini, kuma saɓa sharaɗi ko ba sabon laifi na iya mayar da shi ciki. Haka yake a Ingila ma.

Akwai wanda ya ƙi wannan. Joe Ligon ya shiga kurkuku a Philadelphia a 1953 yana ɗan shekara 15, bai iya karatu ba, bayan wani dare da shi da wasu samari suka sha giya suka bi mutane da wuƙa, biyu suka mutu. Ya amsa cewa ya soki mutum, amma ya ce bai kashe kowa ba. A 2017 aka sake yanke masa shekara 35 zuwa rai da rai, wanda ke nufin yana iya neman saki nan take. Ya ce ba ya so, shi in zai fita to ya fita babu mai riƙe da igiya. Ya ƙara zama kusan shekara huɗu lauyansa na fafatawa, har wata alƙaliyar tarayya ta ba shi gaskiya a ƙarshen 2020. Ya fito a Fabrairun 2021, bayan shekara 68 a tsare.